An Kai Naja'atu Yaye

Ranar wata Juma'a aka kai Naja'atu yaye Madadi. Kafin Juma'a ta zagayo an saki uwarta.

Haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Uwar, Zulaiha, da hannunta ta ƙulle wa yarinyar 'yan rigunanta a ɗankwali, ta haɗa da kofinta na roba da rubutun yaye da malam ya bayar a gora. Mahaifiyar Zulaiha ta daɗe da rasuwa, don haka babu kakar da za a kai wa sai Inna Sabuwa ta Madadi, uwar mijinta Badamasi. Shi ya ɗora yarinyar a gaban babur daga ɗakin hayarsu na cikin Gwarzo, ya ce 'yan kwanaki ne, da ta manta da nono za a dawo da ita. Zulaiha ko zaure ba ta raka su ba. 'Yar fari ce, kun kuwa san yadda abin yake a wurinmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin miji. Sai ta tsuguna tana gyaran murhun da babu abin da ya same shi, har ƙarar babur ta ɓace.

Tana cikin fama da ƙirji, nono ya cika ya yi tauri ta ɗaure shi da zane, Badamasi ya dawo daga shagonsa na kayan babur da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ko zama bai yi ba.

"Ki haɗa kayanki ki tafi gida. Na sake ki, saki ɗaya."

"Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Zama ne ya ƙare."

Ta daɗe tana kallon tabarma.  Da ƙyar ta ce, "Waccan fa?"

"Tana wurin Inna. Ai ba a daji take ba."

Shi ke nan tambayar da ta yi. Allah sarki. Da ta san dama jira ake nonon ya fita daga bakin yarinya, yarinya kuma ta fita daga hannunta, da ba ta tsaya a nan ba.

Ta koma Gammo gidan mahaifinta, Malam Lurwanu, manomi mai haƙurin tsiya, irin mutanen nan da ko akuya ta ci musu shuka su ne ke ba mai akuyar haƙuri. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce, "Saki ɗaya ne, zai mayar da ke. Ki zauna ki yi shiru. Maganar yarinya kuwa kada na ji ta a bakinki, sai a ce ba mu da kara."

Ta yi shiru. Nono ya ƙafe. Idda ta cika, ko ɗan aike ba a gani ba daga Gwarzo.

A gidan akwai ƙanwar Malam Lurwanu, Gwaggo Dela mai ƙuli-ƙuli, wadda ita kuma Allah ya ɗebe haƙurin nata ya ƙara wa yayanta. Ita ce ta gaji da ganin Zulaiha tana juya tuwo a kwano ba ta kai baki, ta ce, "Tashi ki yafa mayafi, mu je Madadi gaisuwa."

Suka tarar da Inna Sabuwa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, maƙwabta mata sun kewaye ta. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa. Ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya mutanen Gammo, ya jikin Malam, ya aka ji da sanyi, ya kuma haƙurinmu. Ana cikin gaisuwar ne yarinya ta fito daga bayan rumbu da ɓawon gyaɗa a hannu. Ta tsaya. Sai ta watsar da ɓawon, ta sheƙo da gudu ta faɗa jikin uwarta, ta cusa kai a ƙirjinta tana laluben riga.

Idon matan nan duka ya dawo kan Zulaiha. Ta ji hannuwanta suna son su rufe a kan bayan yarinyar. Amma ga surukarta zaune, ga baƙin ido. Sai ta cire 'yan yatsun daga rigarta ɗaya bayan ɗaya, ta kawar da kai, ta ce, "Je ki wurin Inna."

Matan suka yi murmushi, wata ta ce, "Kai, Zulaiha akwai kunya. Gidan mutunci."

Gwaggo Dela ce ta gyara zama ta ce, "Dama mun ce ko za a ba mu ita ta ɗan kwana biyu."

Inna Sabuwa ta ce, "Wayyo Dela, ai da na ba ku. Ba ki ga yanzu abin da ta yi ba? Ba ta gama mantawa da nonon ba. In ta bi ku aikinmu ya koma baya. A ƙara mata ɗan lokaci."

Suka dawo hannu rabbana. A mota Zulaiha ta lulluɓe fuska da mayafi, har suka sauka ba ta buɗe ba.

Komawa ta biyu, aka ce yarinya mura take, ana ba ta magani, iskar hanya ba za ta yi mata daɗi ba. Ran nan ba ta sheƙo ba, daga bakin ɗaki ta tsaya da yatsa a baki tana kallon uwarta. Komawa ta uku ba su ma gan ta ba, wai an tafi da ita suna. A ranar ne Inna Sabuwa ta ajiye lulluɓi ta ce, "Dela, mu faɗa wa juna gaskiya. Ɗa na uba ne. Ita wannan gobe za ta yi aure, ta kai mana jininmu agolanci? Ta je Allah ya ba ta wasu."

Suka nemi Badamasi a shago. Yana ƙirga fulogi a kwali ya ce, "Ni fa ban hana ba, Gwaggo. Inna ce ta saba da ita. Kin san tana da hawan jini, in na raba su wani abu ya same ta, wa za a ce ya kashe ta?" Suka je wurin mai unguwa, ya ce wannan maganar cikin gida ce, a je a sasanta, yaro ai na kowa ne. Kowa da bakinsa mai daɗi, babu wanda ya zage su, babu kuma wanda ya ba su.

Zulaiha ta rame har zobenta ya fara zamewa. In 'ya'yan maƙwabta suka shigo sayen ƙuli-ƙuli sai ta bi sa'annin 'yarta da kallo, tana auna tsayinsu da ido. Gwaggo Dela ta ce wa yayanta, "Yaya, kotu za mu."

Malam Lurwanu ya ajiye butar alwala. "Kotu? A gidan nan tun kakanninmu babu wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali."

"Ai don ba a taɓa sace mana ɗa ba ne."

"Subhanallahi, Dela! Kakarta ce fa."

"To ɓarawon da ya san ƙofar gida ai ya fi iya sata. Ka dube ta, Yaya. Ka dubi 'yarka. So kake sai mun yi mata sutura sannan a ce muna da kara?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya shige ɗaki. A wurin Dela wannan izini ne.

A rediyo ta ji cewa akwai wata ƙungiyar lauyoyi da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, suna zuwa Gwarzo daga Kano ranar Talata. Talatar farko suka wuni a kan benci da wasu mata, kowacce da tata damuwar a ƙulle, can la'asar aka ce lauyar ba za ta samu zuwa ba, shari'a ta riƙe ta a birni. Talata ta biyu layi bai kai kansu ba. Sai a ta uku suka shiga.

Barista Zinnira ba ta fi Zulaiha shekaru da yawa ba, siririya ce mai tabarau da saurin magana. Ta gaishe da Gwaggo Dela har da rusunawa, ta buɗe fayil, ta dubi Zulaiha.

"Ya sunan yarinyar?"

Zulaiha ta sunkuyar da kai.

"Naja'atu," in ji Gwaggo Dela.

"Gwaggo, ita na tambaya. Shekarunta nawa?"

"Ta shiga ta uku," Dela ta sake amsawa.

Lauyar ta ajiye biro, ta cire tabarau ta murza ido. "'Yar fari ce ko?"

"Ita ce."

"Na gane. Ni ma 'yar fari ce, har yau 'waccan' nake a bakin mahaifiyata, da digirina da komai." Ta ɗan yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. "To ku saurare ni. Abin da ake ce muku ɗa na uba ne, al'ada ce, ba shari'a ba ce. A shari'a, in aure ya mutu, riƙon yarinya na uwa ne matuƙar ba ta yi wani auren ba. Uba nasa ci da sha da sutura. Gaskiya tana hannunku. Amma akwai rami ɗaya. Za su ce ke da kanki kika bar musu ita, kin sarayar da haƙƙinki. Kin taɓa buɗe baki kin ce su ba ki 'yarki?"

Zulaiha ta hau murza bakin mayafinta.

"A gaban wani, ko mutum ɗaya?"

"Gwaggo ce take faɗa," Zulaiha ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Gwaggo ba ita ta haife ta ba. 'Yar uwa, ni zan iya kawo littattafai, zan iya yin magana har alƙali ya gaji da ni. Amma zai juyo ya tambaye ki, kuma abin da ya fito daga bakinki shi za a rubuta. Ba a rubuta kunya."

Aka shigar da ƙara, aka kai sammaci Madadi da shagon Badamasi. Nan fa gari ya ɗauka. Waɗanda jiya suke cewa Zulaiha gidan mutunci, yau su ne ke cewa ashe kura ce da fatar akuya, ta kai uwar miji gaban alƙali. Malam Lurwanu ya daina zama a dandali bayan sallar la'asar. Duk da haka ranar zaman farko ya saka babbar rigarsa ya bi su, ya ce ba zai bar mata su kaɗai su shiga irin wannan wuri ba.

Alƙali dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurari Barista Zinnira, ya saurari Badamasi da zancen hawan jini. Sannan Inna Sabuwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi magana kamar mai ba da labari a gidan biki.

"Allah gafarta Malam, ni ban ƙwaci yarinya ba. Kawo min ita aka yi, uwar da hannunta ta ƙulle kayan. Ta zo gidana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ko ɗaukarta ba ta yi ba. Yarinya ta rugo ta kama ta, ta ɓamɓare ta ta ce je ki wurin Inna. Ga waɗanda aka yi a gabansu nan na zo da su. Ta taɓa cewa in ba ta? A tambaye ta. Ni kuwa da na ga uwa ba ta so, sai na yar da jikata?"

Alƙali ya juyo. "Zulaiha, kin ji abin da aka ce. Haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"To yanzu me kike nema a wurin kotu? Kina son a ba ki 'yarki?"

Ta ɗaga kai. Ga surukarta tana kallonta. Ga mahaifinta a benci ya dafe gwiwa. Ga maza cike da ɗaki, har da masu leƙe ta taga. Tun tana 'yar mitsitsiya ake koya mata abin da mace ta gari ke faɗa a irin wannan wuri, shi ne kuwa ya fito da kansa.

"Allah gafarta Malam, duk yadda manya suka gani daidai ne."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo Dela ta saki salati daga baya, sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar. Barista Zinnira ta miƙe da sauri ta roƙi a ɗaga zaman, ta ce wadda take karewa ba ta cikin natsuwarta. Alƙali ya daɗe yana duban Zulaiha ta saman tabarau, sannan ya ba da wata rana.

A gindin darbejiyar da ke wajen kotu lauyar ta tsaya, fayil a ƙirji. "Daga Kano na taso ko karyawa ban yi ba. Na bar wata mata da aka kora da tsohon ciki na zo nan. Kin san abin da kika yi? Kin ɗauki wuƙa kin miƙa musu ta wajen ƙota."

"Baba yana wurin," Zulaiha ta ce. Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Inna ma tana kallona. Bakina ne ya ƙi."

Barista Zinnira ta sauke ajiyar zuciya. "To ki koya masa. Ki samu inda babu kowa, ki riƙa faɗa da ƙarfi: ina son 'yata, ki kira sunanta. Kullum. Kamar hadda."

Ranar da aka sa ta zo, Badamasi bai zo ba, wai ya tafi Kudu saro kaya. Aka sake ɗagawa. Ta gaba ta zo, aka aiko cewa jikin Inna Sabuwa ya tashi, tana kwance. A ranar kuwa wani ɗan Gammo ya gan ta a kasuwa tana taya tumaki. Aka sake ɗagawa. Lauyar ta yi ta kai da kawo, ta rubuta wannan ta rubuta wancan, ta ce wa Dela, "Lokaci suke ci, Gwaggo. Sun san kowane wata da ya wuce, nasu ne."

Damina ta sauka, dawa ta yi tsayi ta rufe mutum. Wani magidanci mai mutunci da matarsa ta rasu ya aiko neman auren Zulaiha, ta ce a ba shi haƙuri, don ta ji abin da lauya ta ce game da aure. Matan unguwa suka ce ji bazawara mai tsada. Ita dai kullum in ta kai wa mahaifinta abinci gona, a hanyar dawowa sai ta ratse cikin dawa, ta waiga gabas ta waiga yamma, ta buɗe baki. Ranar farko "Na" kawai ta iya cewa, ta ji kamar ta yi ashar a masallaci. Sannu a hankali sunan ya fito duka. Ta faɗa wa karan dawa, ta faɗa wa tsuntsaye, wata rana ta faɗa har ta durƙushe a kan kunyar gona tana kuka, abinka da sunan da ya shekara uku a ciki bai ga rana ba.

Sai da aka yi girbi, alƙali ya aika cewa in ba su zo ba zai sa a kawo su, sannan Badamasi da uwarsa suka bayyana. Ɗakin ya fi na farko cika.

"Zulaiha," in ji alƙali, "tambayata tana nan inda na bar ta. Me kike nema?"

Ta kafa idonta a kan bangon da ke bayansa. "Ina son 'yata. Naja'atu. Yaye aka kai ta, ba kyauta na bayar ba. A ba ni abata."

Malam Lurwanu ya sunkuyar da kai har gemunsa ya taɓa ƙirji. Inna Sabuwa ta tafa hannu. "Kun ji ko! Gatsal, a gaban ubanta! To Allah gafarta Malam, wannan koya mata aka yi. Da tana so, me ya hana ta faɗa tuntuni? Uwar da ko sunan 'yarta ba ta kira, ko kallonta ba ta yi?"

Barista Zinnira ta nemi izinin yi mata tambaya. Ta matso, ta rusuna kaɗan.

"Inna, wannan da ke tsaye kusa da ke, wane ne?"

"Ɗana ne mana."

"Na nawa a 'ya'yanki?"

"Shi ne babba."

"To faɗa wa kotu sunansa."

Inna Sabuwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba 'yar nan. Ai kotu ta san sunansa, ga shi nan a rubuce."

Alƙali ya ce, "Kotu ta sani. Daga bakinki take son ji."

Tsohuwa ta dubi ƙasa, ta dubi rufi, ta dubi ɗan nata. "Shi dai... yaron nan. Mai shago."

"Ashe ba kya son sa, Inna?" in ji lauyar, a hankali. "In haka ne sai a nemi wadda za a ba riƙonsa."

Dariya ta ɓarke har waje, alƙali ma sai da ya duƙar da kai yana gyara takardu. Da aka natsu ya ce kunyar ɗan fari kowa a ɗakin nan ya san ta, a cikinta aka haife shi, kuma ba ita ce sarayar da haƙƙi ba. Wanda ya karɓi yaro da sunan yaye amana ya karɓa. Ya yanke cewa riƙon Naja'atu na mahaifiyarta ne, Badamasi ya riƙa kai abin ci da sutura, kuma a miƙa yarinya a ranar, ma'aikacin kotu ya raka su.

Gwaggo Dela ta rangaɗa guɗa a bakin kotu. Barista Zinnira ta riƙe hannun Zulaiha ta ce, "Kin gani? Ki je ki ɗauko 'yarki." Ta duba agogo, ta tari mota, wata shari'ar na jiranta.

Da za a ce labari a nan yake ƙarewa, da ni ma na fi kowa murna.

Suka isa Madadi da la'asar sakaliya. Gidan ya cika da mata, labari ya riga su. Inna Sabuwa ta zauna a kan turmi, ga wata yarinya a tsaye tsakanin ƙafafunta, an yi mata kitso da lalle, ta yi tsayi, kumatun jarirai sun zube. Zulaiha ta tsaya cak. Rigunan da ta zo da su a leda, da ido ma ta san ba za su shige ta ba.

Yarinyar ta dubi baƙin, ta ja zanen kakarta. "Inna, su wane ne?"

Inna Sabuwa ta ware hannuwa biyu sama, yadda kowa zai shaida. "Ga ta nan. Shari'a ta ba ki. Ni dai kun ga ban riƙe ta ba."

Zulaiha ta durƙusa, ta miƙa hannu, a gaban surukar da maƙwabtan da ma'aikacin kotu. "Zo, Naja'atu. Zo mu tafi gida."

Yarinya ta zagaya bayan turmi ta ɓuya.

Ta sake kira. Ta fito da alewa. Ta yi 'yar waƙar da take yi mata in tana ba ta nono, wadda ba ta taɓa yi da ƙarfi ba sai yau. Yarinya ta ƙanƙame wuyan tsohuwa ta baya. Ma'aikacin kotu ya ce rana na faɗuwa, shi ma yana da iyali. Sai Zulaiha ta miƙe ta zagaya, ta ɓamɓare yatsun daga wuyan Inna Sabuwa, ta ɗaga ta.

Ihun da yarinyar nan ta yi, har kaji sai da suka watse. "Inna! Inna! Za ta sace ni!" Ta yi shure-shure, ta gantsara wa uwarta cizo a kafaɗa. Zulaiha ba ta sake ta ba. Ta juya ta baya, Gwaggo Dela ta taya ta ɗaure zane tamau.

"Wannan wace irin uwa ce, ko tausayi babu," in ji wata.

Badamasi yana jingine a bakin zaure, ya girgiza kai. "Kin ga abin da nake gudu ke nan. Ke dai kin fi son kanki da yarinyar."

Ta wuce shi. Har suka fita gari yarinya na miƙa hannu baya tana kiran Inna, har muryarta ta dushe.

To jama'a, ga inda muke. Lauya ta yi aikinta, Allah ya saka mata, a fayil ɗinta an rubuta an yi nasara. Alƙali ya yi adalci. Amma shekara guda da ɗoriya da aka cinye wa uwa da 'ya da "a ƙara mata ɗan lokaci" da "tana mura" da "ya tafi Kudu", babu kotun da ke da ma'ajin da za ta ciro ta ta mayar. A Madadi har gobe cewa ake Inna Sabuwa ta yi riƙo don Allah an saka mata da sammaci. Babu mai cewa an karɓi amana an hana. Mu ne muka koya wa yarinya ta kawar da kai daga abin da ta haifa, muka yaba mata, muka ce gidan mutunci, ranar da aka zo ƙwace kuma muka kafa hujja da kawar da kan.

Yanzu Naja'atu tana Gammo. Ta daina kukan, sai dai ba ta karɓar abinci a hannun uwarta. Zulaiha takan zuba ta ajiye a bakin ɗaki, ta koma gefe ta yi kamar tana tsintar shinkafa, sannan yarinya ta matso ta ci. Da yamma takan je zaure ta zauna tana kallon hanyar da motoci ke bi.

Rannan Zulaiha na durƙushe tana wanke mata ƙafa, yarinyar ta daɗe tana kallon tsakar kanta, sannan ta ce, "Matar nan."

"Na'am."

"Yaushe za ki mai da ni gidanmu?"

Zulaiha ta ɗebo ruwa a buta ta zuba a ɗaya ƙafar.

"Miƙo waccan," ta ce. "Ba ta fita ba."